'Yan Dakon Ƙoda Ba Su San Babban Mutum Ba

Ko na manta shekarun haihuwata, ba zan manta ranar da fitsari ya ceci aikina ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ɗan ma'aikaci a wani ƙaramin ɗakin shan magani a unguwar Kaladan. Aikina gwajin fitsari. A lokacin muna raba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma muna da wani ruwa da nake ɗigawa a fitsari: in ya gurɓace ya yi fari mutum ya sha ƙwayar, in ya tsaya garau bai sha ba.

Tsohon likitanmu ne ya fahimtar da ni dalili. Ya ce a bangon ƙananan bututun ƙoda akwai wasu 'yan dako da ido ba ya gani. Suna tsinto irin waɗannan magunguna daga jini, su shigar da su cikin bangon, wasu kuma su karɓa su jefa cikin fitsari. Sai da na tsufa na ji masana suna kiran su furotin.

To, akwai wani shugaban kwamitin unguwa, mai tumbi da baki kamar gidan rediyo. Ya rantse sai ya rufe ɗakin maganinmu, wai Bature ya tafi, ƙwayarsa ma ta bi shi. Wai shi ruwan dogonyaro kawai yake sha, ga shi kuwa sauro bai taɓa kayar da shi ba. Ranar Juma'a za a yanke hukunci. Wallahi tsoro ya kama ni, don ban iya wata sana'a ba, ga mata ga goyo.

Ranar Laraba sai ga shi da magoya bayansa, sun cika mana baranda da kekuna.

"Yaro, kawo kwalba," in ji shi. "Gwada ni gaban kowa. Jikina babu maganin Bature ko ɗigo."

Ya zaga baya, ya dawo yana riƙe da kwalbar sama kamar ya ci kofi. Na karɓa na ɗiga ruwan. Nan take fitsarin ya yi fari kamar koko.

Wani dattijo ya leƙo ya ce wa likita, wanda suke kira Massa, "Massa, wannan farin, dogonyaro ne ya yi shi?"

Likita ya gyara tabarau ya ce, "A'a, baba. Ƙwayarmu ce."

"Ƙarya ne!" shugaba ya daka tsawa. "Kwana uku cur ban sha ba!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ashe ya yi lissafinsa, ya ɗauka kwana uku sun isa a share sawu. Bai san ƙwayar tana maƙalewa a jiki ba, 'yan dakon nan suna ta fitar da ita kaɗan-kaɗan har makonni. Jama'a suka kwashe da dariya. Dattijon nan, wanda ya binne jikarsa a daminar da ta wuce, bayan ya bi shawarar shugaba ta shan dogonyaro, bai yi dariya tare da sauran ba. Ya ɗauki kekensa ya fita.

Ranar Juma'a ko zancen rufewa ba a tayar ba. Na yi shekara talatin a wannan ɗaki.

Tun daga ranar na koyi cewa in babba ya hana ka abu, kada ka tsaya a kan abin da bakinsa ke faɗa. Bincika abin da yake haɗiya.