Ranar da Baba Ya Karɓe Ni a Kan Inji

Jiya jikokina suna ihun ƙwallo gaban talabijin, ni kuwa motsin bakinsu kawai nake gani. Sai na tuna Baba, dattijon da ya koya mini aiki a wata masaƙa a Bompai.

Shekarar da ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, ina aikin rana, kuma duk wanda ya yi fashi kora ce. Ranar wasan, Baba ya baro hutunsa, ya karɓe ni a kan inji.

Ya ce, "Tafi ka ji rediyon, ja'iri. Ni inji ya gama cinye kunnuwana."

Aka cinye mu. Washegari na kwatanta masa wasan da gutsattsarin goro a kan benci, yana gyaɗa kai, ƙurar auduga a gemunsa.

Allah Ya jiyar da shi sallamar mala'iku, tar a kunne.