Telan da Wuta Ta Daina Ɗauke Masa

A layin kasuwar nan ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka, Sai-Gobe kowa ya sani. Tela ne, kuma ko masu jin haushinsa sun yarda ya iya ɗinki. Idan ya yanka maka riga, sai ka ɗauka a jikinka aka saƙa yadin. Matsalar dai ita ce ranar da za ka sa ta.

Tun yana saurayi ya sayar da keken ƙafa ya sayi na lantarki. Wasu sun ɗauka son ci gaba ne, amma shi ya san abin da ya hango. Keken ƙafa ba ya ba mutum uzuri, na lantarki kuwa kullum da nasa. A shagon akwai teburin yanka, da dutsen guga, da tulin yaduddukan mutane har kusa da rufi, sai benci a bakin ƙofa. A bencin nan ya yi rabin rayuwarsa tare da mai gyaran takalma da wani tsohon direba, suna gyara duniya da baki.

Idan mai kaya ya zo da fushi, Sai-Gobe ba ya musu. Sai ya nuna ƙwan fitila da tsinin almakashi ya ce, "Kai ma ka gani da idonka. Tun safe suka ɗauke." Mai kaya ya zagi kamfanin wuta, shi ma ya taya shi, su rabu suna abokai. Janaretan da ke ƙarƙashin tebur kuwa, in ba fetur ya ƙare ba, to yana jiran bakanike.

Ƙanwarsa ce ta jawo masa. Shagonta na jikin nasa, rufinsu ɗaya, tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Ita ɗaukewar wuta ba hutu ba ce a wurinta, asara ce da ke narkewa tana bin ƙasa. Da ta gaji, ta kira masu sola suka jera faranti a kan kwano, suka ajiye batir a lungu. Da yake mace ce mai zumunci, ta sa aka ja waya zuwa shagon yayanta ba tare da ta tambaye shi ba.

"Yaya, wahalarka ta ƙare," in ji ta, tana kunna masa fanka.

Ya daɗe yana kallon fankar tana juyawa, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri," da muryar wanda aka yi wa rasuwa.

Wadda ta fara kama shi wata malamar asibiti ce da yadinta ya kusa shekara a wurinsa. Hannunsa ya tafi wajen ƙwan fitila kamar yadda ya saba, sai ya tarar da shi a kunne tar. Ya juya ya nuna sama.

"Hajiya, hadari ne. Abin nan ba ya son girgije."

Ƙanwar ta leƙo ta taga. "A'a Yaya, batir cike yake. Ko rana ba ta fito ba, zai kai ka yamma."

Malamar ta ja kujera ta zauna, ta ce yau ba ta da aiki. Kafin rana ta yi sanyi ya gama rigar, har da guga. Shi kansa sai da ya yi mamaki.

Labari ya bazu cewa Sai-Gobe ya shiryu. Waɗanda suka guje shi suka dawo da yadi niƙi-niƙi, wata makaranta ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibanta. Ya ɗauki teloli biyu, ya ƙara kekuna, ya ba bakanike janaretan kyauta. Warin fetur ya bar kayan mutane. Tulin yaduddukan ya sauka har aka ga kalar bangon, ashe shuɗi ne.

Abokan hira ba su jure ba. Suka ce ba a jin daɗin zance da mutumin da kansa ke sunkuye, suka ɗauki bencin suka koma ƙofar wani mai walda da har yanzu wuta ke ɗauke masa. Daga kan kekensa yana jiyo dariyarsu, wani lokaci ya tsaya da ɗinki yana ƙoƙarin gane wa ake yi da shi.

Yanzu Sai-Gobe ya yi ƙiba, ya sayi babur, ya gyara gidansa, kuma bayansa na ciwo. Masu shaguna kan zo neman shawara, ƙanwar ta nuna musu shi a matsayin misali, shi kuma ya gyaɗa kai kamar mai ba da shaida a kotu ba da son ransa ba. Kwanan nan matarsa ta fara cewa a sa musu sola a gida, tunda akwai ɗaki a buɗe, sai a ajiye keke ɗaya a ciki saboda ranakun da ba ya fita kasuwa. Ya ce mata kwanon gidan ya tsufa, ba zai ɗauki nauyi ba. Ta riga ta yi magana da kafinta.