Bazarar da Shadli Ya Koya wa Ɗansa Tuƙi

Shadli ya ƙarar da ƙarfinsa a cikin babban jirgin fiton da ke kai da kawowa tsakanin tsibirin Karkana da birnin Safakis. Kullum yana kan teku amma ba ya ganinsa, domin aikinsa a ɗakin inji yake, can ƙasa inda babu taga, sai zafi da ƙara da warin baƙin mai. Ranar da ya ajiye aiki ya fito da kunnen hagu da ya yi nauyi, da faratan da sabulu ya gaza wankewa, da wani buri da ya daɗe yana ɓoyewa. Ubansa masunci ne na zamanin da babu inji, kuma tun Shadli yana ƙarami ya iya ɗaura filafili, babban zanen nan mai kusurwa uku da ke kama iska ya tura jirgi. Abin da yake so bai wuce ya sake jin jirgi yana tafiya shiru ba.

Ya samu wani tsohon jirgin katako a kife a bakin ruwan ƙauyensu na Attaya, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Mai shi ya rasu, 'ya'yansa ba su da bukatarsa. Shadli ya saya, ya kwashe lokacin sanyi kaf yana kankare shi, yana cusa auduga da kwalta a tsagun katakon, daga baya ya shafe shi da shuɗin fenti. Shirinsa shi ne idan bazara ta shigo, ruwa ya kwanta, ya ɗauki matarsa Naziha su bi gaɓa su yi kudu. Su kwana a Mahras, su ratsa 'yan tsibiran da babu kowa sai tsuntsaye, su sauka Kabis ta sayi lalle, sannan su ƙarasa Jarba inda 'yarsu Rim take aure.

"Ga mota tana zuwa Jarba kullum, da kujera mai laushi," in ji Naziha. "Ni za ka sa a ƙwarya ka tura?"

"Mota ba za ta tsaya miki ki yi wanka a inda babu mai ganinki ba."

"Da tsufana? Ai kifin ma sai ya gudu."

Duk da haka ita ce ta fara tanadi. Ta soya sha'ir ta niƙa garin basisa da ake damawa da man zaitun, ta shanya kifi a saman soro, ta cika kwalabe da jan yaji. Shadli kuma ya sayo jarkokin ruwa ya jera a gindin jirgi.

Jarkokin nan ne suka jawo magana. A 'yan shekarun nan, duk wanda aka gani a Karkana yana tara ruwa da abinci kusa da jirgi, an san inda ya nufa: Italiya. A wurin shan gahawa, abokinsa Munsif mai aski ya fara tsokanarsa.

"Shadli, in ka isa ka turo mana hoto da hular Turawa."

"Jarba za ni."

"Kowa Jarba yake cewa. Ɗan ƙanwata ma Jarba ya ce, yanzu yana tsinkar tumatir a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Masu gadin teku suka zo suka duba takardun jirgin, suka dubi furfurarsa, suka tafi. Wasu samari da bai sani ba suka riƙa gaishe shi da ladabin da ya wuce misali, har ɗaya ya bi shi bayan sallar Juma'a yana tambaya ko akwai sauran wuri. Shadli ya kore shi, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Abu ɗaya ne ya riƙa sanyaya masa zuciya a lokacin. Autansu Ziyad ya gama karatun gyaran lantarki a Safakis shekaru da dama da suka wuce, aiki bai samu ba. Ya gwada sana'ar su, amma shuɗiyar ƙaguwar nan da ta cika tekun tana yayyaga koma tana cinye kifin tun yana cikin ruwa. Yarinyar da ya nema ta gaji da jira ta auri wani. Tun daga nan ya zama mai barci da rana, magana da ubansa ba ta wuce gaisuwa. Sai ga shi wata safiya ya zo bakin ruwa, ya ɗauki igiya ba tare da an sa shi ba.

"Baba, yaya ake wannan ƙullin?"

Shadli ya nuna masa. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Suka ɗaga jigon jirgin tare, suka ɗinke filafilin tare, suka fara fita cikin ruwa mara zurfi, suna kewaya shingayen zarɓar dabino da masunta ke kafawa don kama kifi. Yaron yana da hannu. Iska na juyawa yake ji a fuskarsa kafin zanen ya kaɗa. Shadli ya ce a ransa to su uku za su yi tafiyar, har ya ƙara jarka ɗaya.

Tambayoyin Ziyad ne suka fara sauya kama. Idan ƙasa ta ɓace wa mutum gaba da baya, da me zai san hanya? Idan igiyar ruwa ta taso daga gefe, gaba ake ba ta ko baya? Wane wata ne iskar kudu ta fi daɗewa tana busawa ba ta juya ba? Shadli yana amsawa da jin daɗi, kamar malamin da ya samu ɗalibi a ƙarshen rayuwa. Naziha ce ta tsayar da shi wata rana da la'asar tana tsince lantil, wani ɗan ƙaramin wake, a faranti.

"Baban Rim, hanyar Jarba ƙasa tana ɓacewa?"

"A'a. Gaɓa za mu bi."

"Iskar kudu kuma, mai zuwa kudu tana taimakonsa?"

Ta ci gaba da tsintar ba ta ɗago ba. "Kunnenka ɗaya ne ya mutu. Ɗayan me yake yi?"

Kashegari da sassafe Shadli ya je ya zare allon tuƙin da ke bayan jirgin, ya saɓa shi a kafaɗa ya kai gidan Munsif, ya tura ƙarƙashin gado. Ba tare da shi ba jirgin bai fi kwano a kan ruwa ba. Sannan ya koma bakin teku ya zauna a kan jarka yana jira. Rana ta ɗaga kafin Ziyad ya iso. Ya dubi bayan jirgin, ya dubi ubansa, bai yi kamar bai gane ba.

"Baba, ka zaci sata zan yi maka?"

"Ban san abin da zan zata ba. Kai za ka gaya mini."

"Ba zan taɓa jirginka ba. Na ga wahalar da ka sha a kansa. Kuma na san Umma ta fara ɗinka wa 'ya'yan Rim riguna."

"To tambayoyin na mene ne?"

Ziyad ya tsuguna yana wasa da yashi. "Zan tafi, Baba. Ba yau ba, amma kafin sanyi. Ka san irin jiragen da ake sa mutane a ciki, na ƙarfen nan da ake haɗawa da walda a bayan gari. Ka san kuma wanda ake ba tuƙin, wanda bai taɓa ganin teku ba sai a waya. In zan shiga, gara in shiga na san wani abu."

"In na hana ka fa?"

"Zan ba ka haƙuri, in sumbaci kanka, in tafi."

Ya faɗe ta a hankali, babu tsiwa, kuma wannan ya fi yi wa Shadli ciwo. Ya so ya yi faɗa, ya ambaci gawarwakin da masunta ke tsamowa a koma, ya ambaci uwar yaron. Amma Ziyad ya san duk wannan, da shi aka yi jana'izar wasu daga ciki.

Kwanaki Shadli bai je bakin ruwa ba. Yana zaune a tsakar gida yana juya maganar. In ya daina koya masa, yaron zai tafi da jahilcinsa. In ya ci gaba, da hannunsa yake shirya shi. Ya tambayi Naziha, ta ce ita ba ta da bakin magana, ta haifi ɗa ɗaya namiji kuma ba za ta zaɓa masa hanyar da zai bar ta ba. Da ya matsa mata sai ta ce, "Ka kai mu Jarban. Ko ba komai zan gan shi a gabana safe da yamma."

Ya je gidan Munsif ya ɗauko allon. Munsif bai yi tsokana ba a ranar, ya taya shi ɗauka har bakin ruwa.

Suka tashi da bazara ta tsaya sosai. Tafiyar ba ta zo yadda Shadli ya zana ta a kansa ba. Naziha ta yi amai tun kafin Safakis ta ɓace musu, garin basisa ya jiƙe a rana ta biyu, a Mahras kuma sauro ya hana su sakat. Amma akwai wata safiya a tsakanin tsibiran tsuntsaye da ruwa ya yi lum kamar mai a faranti, ana ganin ciyawar ƙasa tana kaɗawa, Naziha ta sa ƙafafunta a ruwa tana dariya ita kaɗai. Ziyad ne ke riƙe da sandar tuƙi kusan duk hanyar. Shadli yana zaune kusa da shi, kunnensa mai ji yana wajen yaron, yana zuba masa duk abin da ya sani. Yadda ake raba nauyin mutane kada jirgi ya karkata. Yadda ake hana masu tsoro miƙewa tsaye. Yadda ake kwashe ruwa tun yana kaɗan. Har yadda ake lallaɓa injin da ya shaƙe ya koya masa, ko da yake nasu jirgin ba shi da inji, kuma babu wanda ya tambayi dalili. Kusa da Kabis iska mai zafi ta taso musu daga sahara, ta ɗaga ruwa, Shadli ya ɗaure hannayensa a ƙirji ya bar yaron ya fitar da su. Ya fitar da su. Shadli ya rasa ko murna zai yi.

Sun yi mako biyu a gidan Rim, suka dawo lafiya. Da aka fara tsinkar zaitun, Ziyad ya ce zai je Safakis ganin wani aboki. Ya sumbaci kan uwarsa ya daɗe, ya sumbaci na ubansa.

Labarin ya zo a gutsure. Da farko aka ce jirgin da Ziyad ya shiga zuwa Italiya ya isa. Daga baya wani yaron Attaya da ke ciki ya bugo wa gidansu waya ya ba da sauran. Wanda aka ba tuƙin ya rikice tun a tsakiyar teku da ruwa ya fara shiga, ya saki komai yana kuka. Ziyad ya karɓa. Ya zaunar da mutane, ya raba su gefe da gefe, ya tayar da injin da ya mutu, ya kai su har inda jirgin ceto ya gan su. Babu wanda ya rasu, har da mata da jarirai. Amma da aka sauke su aka tambayi wanda ke tuƙi, kowa ya nuna shi, wasu ma da godiya suka nuna. A can, wanda aka samu da tuƙi shi ake ɗauka a matsayin mai safarar mutane. Sauran aka kai su sansani, shi aka kai shi kurkuku.

Rim ta samo lauya ta hannun dangin mijinta. Lauyan ya ce akwai shaidu, akwai fata, amma shari'ar can ba ta sauri. Shadli ya rame. Ya daina zuwa wurin gahawa, domin mutane sun koma miƙewa idan ya shigo, shi kuma bai san me zai yi da wannan girmamawar ba.

Ana tsakiyar sanyi wata mata ta yi sallama a ƙofar gidansu. Daga wani ƙauye take can cikin ƙasa, ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba sai ranar. Ta ce 'yarta da jikanta suna cikin jirgin nan, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata gidan. Ta ajiye kwalbar zuma a gaban Shadli, ta kama hannunsa za ta sumbata, ya janye.

"Alhaji, an ce kai ka koya masa. Allah ya saka maka."

Naziha ce ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma, ta ɗora shayi, ta tambaye ta sunan jikan da watanninsa, da ko ya fara haƙori. Matar ta ciro waya ta nuna hotonsa, an sa masa wata rigar sanyi da ta yi masa yawa. Naziha ta daɗe tana kallo.

"Jirgin yamma ya riga ya tashi," ta ce. "Ki kwana nan. Akwai ɗaki, babu kowa a ciki."

Ta tashi ta je ta canza zanen gadon Ziyad. Shadli ya bi ta da ido, sannan ya miƙe ya ɗauki kwando ya fita neman kifin da za a dafa wa baƙuwa.