Ga Wanda Ya Ara Mini Ido Ranar Asabar

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, maƙwabciyata ta tsaya a bakin ƙofata ta ce mai sharhin wasanni na gidan talabijin ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya. Allah ne Ya ba mu shi, kuma wurinSa dukkanmu za mu koma.

Ɗana, jama'a sun san ka da kwat da murmushi a gaban kyamara. Ni na san ka tun kana ɗalibina, kana zaune a kujerar baya, ka riƙe kwalin alli a baki kana sharhin wasan da ba a buga ba. Na sha korar ka waje. Ka girma, ba ka riƙe ni a zuci ba.

Bayan matata ta rasu, idanuna kuma suka dushe, kai ne kake hawo matakalar nan ka gaishe ni. Wata rana ka tarar na lulluɓe talabijin da tsumma. Ka ce, "Baba Malam, don 'yan jar rigarka suna shan kashi ne ka yi yaji?" Na ce, "Kai dai bari. Ku 'yan talabijin sai ihun 'kun gani, kun gani!' To ni me na gani?"

Asabar ta gaba na yaye tsumman, sai na ji ka canja salon sharhinka. Kana faɗin inda ƙwallo take, wa ya karɓa, da wace ƙafa, ko mai tsaron gida ya fito. Daga baya na ji shugaban sashenku ya yi ta yi maka magana a kunne ana tsakiyar shiri, wai nan ba rediyo ba ne, hoto ya wadatar. Ka ce masa akwai masu kallo da kunne, kuma ba ka daina ba.

Da aka binne ka, na ɗauka da idona aka binne. Na mayar da tsumman. Ranar Asabar maƙwabciyata ta yaye shi ta kunna, ba ta ko nemi izinina ba. Sai ga muryar abokiyar aikinka, wadda ka koya wa sharhi. Ta ce, "Ga masu kallonmu da kunne: jajaye na kai hari daga dama, rana kuma na dukan idon mai tsaron gida."

Ɗana, na ga wasan har ƙarshe. An sake cin mu, kamar yadda ka saba yi mini albishir.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka kamar yadda ka haskaka ɗakina, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka ta'aziyya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Idan tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani. Amin.