Sifirin da Maigidana Ya Ƙara

Ko na manta sunan kakata, ba zan manta ranar da maigidana ya gyara wa ɗan ƙanwarsa takardar neman aiki ba. Lokacin muna haya a unguwar Mahadiyya, cikin birnin Sabha a ƙasar Larabawa, kuɗin fetur sun sa ko'ina ka duba gini ake yi. Saurayin ya gama kwaleji a Damagaram, ya biyo mota ya same mu, ya shiga ɗaukar bulo har kafaɗarsa ta saɓule. Sai aka ji wata sharika, wato kamfani, tana neman mai kula da mangaza, ɗakin ajiyar siminti. Aikin inuwa, da kujera!

Ya zauna a tsakar gida yana rubuta makinsa, ni kuwa ina tankaɗe, kunnena yana wurinsu. Lissafi sha huɗu, Larabci sha biyar. Wani maƙwabcinmu Bakano ya leƙa ya kwashe da dariya.

"Sha huɗu? A Kano malami bulala zai maka, ya kira ubanka."

"Mu bisa ashirin ake yi mana," in ji saurayin. "Sha huɗu babban maki ne."

Maigidana, direban da bai taɓa zama a aji ba, ya gyara hula. "Balarabe ba shi da lokacin bayani. Garin nan komai da sifiri yake tafiya. Ƙara sifiri."

"Kawu, ai zai wuce ɗari."

"To, laifi ne mutum ya yi ƙoƙari?"

Na ce, "Malam, ka bar shi ya rubuta abinsa mana." Ya ce in kula da garina. Haka suka kai wa mai tafireta a unguwar Manshiyya, ya buga ɗari da arba'in, ɗari da hamsin, ko ƙifta ido bai yi ba.

Washegari suka tafi tare, maigidana ya sha babbar riga kamar shi za a ɗauka. Kafin azahar suka dawo, ba mai kallon wani. Da ƙyar na ji labarin. Wai mudir, shugaban wurin, ya yi dariya har ya kira ma'aikatansa su zo su ga wanda ya fi malamansa. Saurayin ya fito da takardar makaranta ta asali. Mudir ya duba ya ce ya san tsarin Faransa, da sha huɗu bisa ashirin aka rubuta, da ya ɗauke shi nan take. Amma mai ƙara sifiri ba zai riƙe masa ƙidayar siminti ba.

Maigidana har ya bar duniya yana cewa Balaraben hassada ya yi. Saurayin kuwa ya koma bulo, ni ce mai gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Tun daga nan duk wanda zai nemi aiki a gidana nakan ce masa: rubuta abin da ka ci, ka rubuta bisa nawa ne, sannan ka ɓoye takardar kada kawunka ya gani.