Man Birki da Tsohon Kare

Shekarun baya na kusa rasa ƙafata ta dama a ƙasar Oman. Da hannuna na jawo wa kaina, kare ne kuma ya tona mini asiri.

Lokacin ina tuƙa wani tsohon Bature da matarsa, mazauna Dubai. Sun ajiye aiki, ba su da 'ya'ya, sai karnuka biyu: wani baƙi tsoho mai dogayen kunnuwa, da wani ƙarami mara jin magana. Suna da doguwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Idon mai gidan ya fara rauni, shi ya sa suka ɗauki direba. Bizata a hannunsu take. In aikin ya tafi, zamana a Dubai ya tafi.

Tun ranar farko na faɗa musu sharaɗina. Zan tuƙa karnuka, amma kada su taɓa ni, kada su hau dardumata. Madam ta yarda, aka sa katako tsakanin kujerata da bayan mota. Abokina da muke ɗaki ɗaya a unguwar International City ya yi ta yi mini tsiya, wai na ƙetare sahara, na sha ɗaurin Libya, na zo na ƙare a direban karnuka. Na ce masa su dai ba su taɓa zagina ba.

Da sanyi ya shigo muka kama hanya, da niyyar bin gaɓar teku har garin Salalah a ƙasar Oman. Madam tana da akwatin magani kamar na kemis. Ƙaramin karen ya taka ƙaya, ta cire da hantsaki, ta wanke, ta naɗe, har da sa masa safa. Mai gida ya ci kifi a bakin hanya, cikinsa ya ɓaci, muka yini ina tsayawa yana ruga banɗaki. Shi ma akwatin ya tashe shi. Ni ina kallo ina dariya a raina. Kare da safa.

Wata rana mun yi zango a bakin ruwa. Na gama alwala, na taka ba takalmi, wani gwangwani mai tsatsa ya tsaga mini tafin ƙafa. Ta dama, wadda nake taka totur da birki. Jini ya zuba sosai.

Na yi abin da na tashi na ga ana yi a garejin da na koyi mota a Kano. Na buɗe robar man birki na tsiyaya a kan ciwon. Ya yi zafi, jinin ya tsaya. Na ɗaure da tsumma, na sa safa da takalmi sau-ciki. Ban faɗa wa kowa ba. Na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, na ga yadda ake yi da wanda ya ce ba shi da lafiya. Yau ka kwanta, gobe wani ne a wurinka.

Na ci gaba da tuƙi. Ƙafar ta fara zogi, sannan ta kumbura, takalmin ya matse. In na taka birki sai in ji har cikin kaina. Ina cije haƙori ina yi.

Sai tsohon karen ya canza. Shi da bai taɓa zuwa inda nake ba, ya koma bina. In na sauka duba taya, yana nan. In na zauna shan shayi, sai ya zo ya kwanta gefen ƙafata ta dama yana shinshina yana ƙaramin kuka. Na kore shi, ya dawo. Na jefa masa ɓawon lemo, ya dawo. In na tayar da salla sai ya tsaya nesa da darduma ya jira, ina sallamewa ya matso. Na gaji da wanke ƙafar wando.

Madam tana kallo. Da la'asar ta kira ni, ta nuna mini kujera.

"Cire takalminka."

"Ba komai, Madam."

"Tun da ka zo gidanmu karen nan bai taɓa kusantarka ba. Cire."

Na cire. Ni kaina sai da na kau da kai saboda wari. Ƙafar ta yi ja har idon sawu, ga mugunya. Ta tambayi abin da na sa. Na nuna robar man birki. Mai gida ya ɗauke ta, ya juya ta a hannu, ya dube ni.

"To, birkin ya kama?"

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan ya fi ƙarfin akwatinta, yalla, maza mu tafi asibiti.

Mai gida ne ya tuƙa, a hankali, Madam tana karanta masa allunan hanya. Ni aka kwantar a gadon baya, bayan katakon da na sa aka kafa. Tsohon karen ya kwanta a ƙasa kusa da ni. Ban kore shi ba. Ba ni da ƙarfi, kuma ya riga ya gama aikinsa.

A wani ƙaramin asibiti aka tsaga wurin aka wanke, aka yi mini allurar tsatsa, aka ba ni ƙwayoyi. Likitan ya ce da na ƙara jinkiri da labarin ya canza. Ya hana ni tuƙi sai ciwon ya haɗe.

Da muka fito na faɗa musu abin da ke raina, don ba na son a ja ni. Na ce na san na ɓata musu tafiya, in mun koma su nemi wani, amma su ba ni lokaci kafin su soke bizar.

Madam ta ce, "Lokacin da ƙaramin karen ya taka ƙaya, ka ga mun jefar da shi?"

Da a gida wani ya haɗa ni da kare, da mun yi faɗa. Ranar sai kawai na yi mata godiya.

Ba mu kai Salalah ba. Muka ajiye mota a bakin teku muka zauna, kullum Madam tana canza mini bandeji. Ta sa mini safa a kai, kamar yadda ta yi wa ƙaramin karen. Abokina da ya ji labari ya ce khalas, shi ke nan, yanzu mun zama karnuka uku.

Ban yi boko ba, ban iya dogon bayani ba. Wahala ta koya mini ɓoye ciwo, na ɗauka shi ne jarumta, ya kusa cinye mini ƙafa. Iyakar abin da na gane ke nan.

Na ci gaba da tuƙa su har tsohon karen ya mutu, daga baya suka koma ƙasarsu. Yanzu ina tuƙa babbar mota daga Jebel Ali zuwa unguwar Al Warsan. Akwai aidin da bandeji a aljihun motata, man birki kuma yana wurin birki. Har yau ba na taɓa kare. Amma akwai wani ramammen kare da ke kwana bayan sito inda nake ajiye mota, na yanka masa galan, kullum ina cika shi da ruwa. Ina nan International City, da ƙafafuna biyu.