'Yan Tsakina Goma Sha Ɗaya

Shekarar da muka tare a Barunde unguwar ba ta cika ba tukuna. Bayan katangarmu akwai filin wani da bai tashi gini ba, sai ciyawa da tarin bulo da dalbejiya guda. A nan kazata take kiwo, wata baƙa mai yawan faɗa da gwaggota ta ba ni. Sau biyu tana ƙyanƙyasa, sau biyu shirwa tana ɗauke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Ina makaranta ina koyarwa, in na dawo in ƙirga in ga an rage. Har maigidana ya fara tsokanata wai shirwar unguwa nake yi wa kiwo.

A karo na uku ta fito da goma sha ɗaya. Ban ma yi murna ba.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce mutuniyar Kaltungo, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ta shigo yi min sannu da aiki ta tarar na buɗe musu ƙofar baya. Ta maida ƙofar ta rufe da hannunta, ta tambaye ni kwanansu nawa. Na ce biyu.

"Malama, kina sakin su tun ba su san tsoro ba," in ji ta. "Ki riƙe su sati uku. Sauran ni zan nuna miki."

Haka na kife su da uwarsu a ƙarƙashin babban kwando a tsakar gida. Tsakin gero nake zuba musu safe da yamma, ruwa kuma a faranti da 'yan tsakuwa a ciki don kada su faɗa. Mama ta ce hatsi kaɗai ba ya gina jiki, sai da gara. Ta kawo tsohuwar tukunyar ƙasa, muka cusa busasshen kashin shanu da karan masara, muka yayyafa ruwa, muka kife ta a gindin dalbejiyar nan. Bayan kwana biyu na ɗaga, sai ga gara fari fat tana motsi. Da na juye musu, uwar ta yi wani kira ƙasa-ƙasa, suka rufar wa wurin suna tattake juna. Na daɗe a tsugune ina kallo, har na kusa makara.

Ɗaya na rasa a cikin sati na biyu. Na manta bokitin wanki a buɗe, ya sulale ta ƙasan kwando ya faɗa. Laifina ne, kuma ya dame ni.

Ranar da sati uku suka cika, Mama ta zo da ƙullin galura. Ta jiƙa a gwangwani, ina riƙewa tana shafa musu a baya da tsohon buroshin haƙori. Ta ce a garinsu haka ake yi, shirwa ba ta gane ɗan tsako in launinsa ya sauya. Ban san ko gaskiya ba ne, amma ban yi musu ba. Suka fito jajaye kamar an tsoma su a zoɓo. Muka buɗe ƙofar baya.

Asabar ce, don haka na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna a bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Da hantsi ya ɗaga na ga inuwar shirwa ta gilma a kan yashi. Kafin in miƙe uwar ta yi ƙara sau ɗaya, cikin ƙiftawar ido babu ɗan tsako ko guda a fili, duk sun shige ramukan bulo. Ita kuwa ta baza fukafukai ta tsaya. Shirwar ta sauko ƙasa-ƙasa, ta kewaya sau biyu, ta yi gaba. Suka fito ɗai-ɗai ina ƙirgawa da baki. Goma cif. Na leƙa ta katanga na gaya wa Mama.

Daga nan sai girma. Na daina ba su tsaki na koma dawa, da dusa kwaɓaɓɓiya da ganyen zogale. Da rana su tafi tonon ƙwari a fili, da la'asar in buga gindin kwano su taho a guje, jan bayansu yana koɗewa, sabon gashi yana fitowa. Zakaru huɗu, mata shida.

Da Kirsimeti ya zo na kama zakaran da ya fi kowa ƙiba da budurwar kaza guda, na ɗaure ƙafafunsu na shiga wa Mama da su. Ta juya zakaran a hannu, ta latsa ƙirjinsa, ta ce wannan ya ci gara ya ƙoshi. Shi ta dafa wa jikokinta. Macen kuwa ta sake ta a tsakar gidanta, kuma kafin watan ya ƙare ta fara yi mata ƙwai a bayan randa.